Gonar Baba a Cikin Faifai

Duk wanda ya ce maka ni na goge gonar babanmu, ƙarya yake, ko kuma shi ma haka aka faɗa masa. Ban goge ba. Ban danna komai ba. Amma je ka unguwarmu a Batsari ka tambaya, tun daga mai ƙosai har matar liman, labari ɗaya za ka ji: wai yarinyar nan mai rawar kai da ke aiki a shagon kwamfuta, garin gaggawarta ta taɓa abin da bai kamata ba, ta share iyakar gonar ubanta. Gaggawa ina da ita, ban musa ba. Sai dai a wannan aikin kwana uku na yi ina lallaɓa abu kamar mai riƙe da ɗanyen ƙwai.

Ƙauyenmu yana ƙasar Ruma, a bakin daji. Shekarar da za mu taso saboda mutanen daji, bayan an gama girbi, Baba ya kira Yaya, babban wanmu, ya ce ya ɗauko wayarsa ya biyo shi. Suka zaga gonakinmu uku da ƙafa. Baba na gaba yana nuni da sanda, Yaya na baya yana ɗauka. Daga wannan ɗorawar zuwa waccan aduwar. Daga aduwa ka bi gamba har ka iske suri. Haka yake ta faɗi, minti arba'in da bakwai. Mu a wajenmu babu takardar gona. Iyaka ita ce gambar da aka dasa a jere, da itace, da suri, da abin da dattawa suka sani. Baba ya san in muka fita za a daɗe ba a koma ba. Shanu za su cinye gambar, masu gawayi su sare itacen, dattawan kuma su ƙare ɗaya bayan ɗaya a garuruwan mutane. Shi ma haka ya ƙare, a ɗakin haya a Batsari, shekara guda da tasowarmu.

Da Yaya zai tafi kudu ci-rani, ya cire memorin wayar ya ba Inna. Ta ƙulle shi a leda ta jefa cikin kwalla. Ranar da na ce bari in duba shi, waya ta ƙi ganinsa. Na kai shi shago na yi ta sakawa ina cirewa, ina hura masa iska. A karo na huɗu ya buɗe. Na yi maza na kwafe bidiyon cikin kwamfutar shago, daga nan memorin bai ƙara motsi ba. Ka ga ke nan duk duniya wuri ɗaya gonar take, a kwamfutar Maigida.

Maigida shi ne mai shagon, tsohon malamin firamare ne da ya sayi kwamfuta bayan ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, amma abin da ya sani a kwamfuta bai wuce a kashe a kunna ba. A lokacin an rufe mana sabis gaba ɗaya, ba kira, ba intanet. Fetur ma an hana sayar da shi a jarka, sai Maigida ya zuƙo daga tankin babur ɗinsa ya zuba wa janareto. Wutar awa biyu muke samu a rana, daga hantsi zuwa kusan azahar. A cikin awa biyun nan nake tura wa mutane fina-finai da wa'azi a memori, don tunda sabis ya tafi ba wanda ke da abin kallo.

Ban san wanda ya kai wa Baffa labari ba. Baffa ƙanen Baba ne, kuma tun rasuwar shi ne a kanmu. Ya same ni a tsakar gida ina wanki, ko zama bai yi ba.

"Ke, gaskiya ne gonakin yayana na cikin injin mutane?"

"Baffa, ajiyewa na yi."

"A shagon da kowane ɗan iska ke shiga? Kin san wa ke leƙe ta bayanki? Mutum ya ga gona uku da rumbuna, gobe a zo a ɗauki ƙanenki a ce masu arziki ne."

Na so in ce masa wannan tsoro ya yi yawa, sai na tuna wani maƙwabcinmu a ƙauye da aka zo aka tafi da shi don kawai ya sa sabon kwano a rufin ɗakinsa. A lokacin kowa tsoron infoma yake, masu kai wa mutanen daji rahoto. Ko buhun shinkafa mutum zai shiga da shi gida sai ya rufe shi da tsumma. Na ce to, akwai faifan ajiya da ake haɗawa da kwamfuta ta waje, a zuba abu a ciki a tafi da shi gida. Bayan kwana biyar wani direba ya kawo masa shi daga Katsina. Baƙi ne, bai fi tafin hannuna ba, da 'yar gajeriyar igiya.

Ranar farko Baffa ya zo da kujerarsa ya zauna a gefena. Na jona faifan. 'Yar fitilarsa ta kama, na ɗora yatsa na ji yana ɗan kaɗawa, amma a kwamfuta ko alamarsa babu. Na cire na canja rami. Shiru. Maigida ya ce, "Ki kashe ki kunna." Na kashe na kunna, muka ci minti goma na wutarmu a banza. Da akwai sabis da tuni na tambayi waya ta faɗa mini. Babu. Sai na tuna mutumin da ya haɗa wa Maigida kwamfutar ya taɓa buɗe wani wuri da ke nuna duk faifan da ke jikinta. Na yi ta lalube har na faɗa ciki. Ga shi nan kuwa, dogon baƙin layi, ba suna, ba komai. Wani akwati ya fito yana cewa in zaɓi ɗaya cikin abu biyu, kowanne haruffa uku ne da ba su da ma'ana a wurina. A sakandare an koya mana sunayen sassan kwamfuta a allo da alli, ba wanda ya taɓa ambaton waɗannan. Na yi bismillah na bar wanda na tarar an zaɓa.

Baffa bai iya Turanci ba amma ya san lamba. Ya nuna kwalin faifan ya nuna allon kwamfutar.

"Direba ya ce dubu ne cikinsa. Mi ya sa nan ɗari tara da talatin da ɗaya?"

"Ban sani ba, Baffa."

"An daddale gindin mudun ke nan. Har a nan ma."

Maigida ya yi dariya, ni ban yi ba, don agogo nake kallo. Kuskuren da na yi shi ne na buɗe baki na ce ana iya raba faifan gida-gida. Baffa ya gyara zama. Ya ce ai shi ke nan, abin ya zo da sauƙi, a raba shi yadda Allah ya ce a raba gado. Mu biyar ne, maza uku mata biyu. Kowane namiji kashi biyu, kowace mace kashi ɗaya, kowa a zuba masa bidiyon a gidansa, kada gobe wani ya ce an haɗa nasa da na wani. Na ce Baffa, bidiyon ɗaya ne, girmansa ɗaya, ko a ƙaramin gida ko a babba. Ya ce, "Na tambaye ki?" Da aka je wa Inna da maganar tumuninta na gado, cewa ta yi a bar ta, ba ta son rabonta a cikin inji.

Na zauna da biro ina raba ɗari tara da talatin da ɗaya gida takwas. Na yanka gidan Yaya. Kwamfuta ta ce sai an yi masa fomat, wato a share shi a shirya shi kafin a zuba komai. A ƙasa akwai wani ɗan akwati mai alama, an rubuta na gaggawa. Na cire alamar. Ni da ake ce wa mai gaggawa, na ce wannan aikin ba na gaggawa ba ne, a yi shi a tsanake. Sai lamba ta fara tafiya. Ɗaya cikin ɗari. Muka zauna. Biyu. Mata uku na tsaye da memorinsu suna tsaki. Tana talatin da takwas janareto ya yi tari sau biyu ya mutu.

Washegari na tarar aikin jiya ya tafi a banza, sai an sake daga farko. Na mayar da alamar nan da na cire, kafin in ƙifta ido ya gama. Na ji kamar in mari kaina. Na yanka gida na biyu, na uku, lafiya lau. Da na zo na huɗu da na biyar, wato nawa da na ƙanwata, sai kwamfuta ta zagaye su da koren layi, launinsu ma ya bambanta da na mazan.

"Wannan fa?" in ji Baffa.

"Wallahi ban sani ba."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya gyaɗa kai. "Injin ma ya san na mata daban ne."

Maigida ya ce Allahu akbar. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don duk abin da ban gane dalilinsa ba ba na son sa, kuma ba wanda zan tambaya. Na kwafa bidiyon sau biyar, gida bayan gida.

Rana ta uku Baffa ya ce sai ya gani da idonsa. Maigida ya kori kowa ya janyo ƙofa. Na buɗe na gidan Yaya. Ga Baba a cikin tsohuwar rigarsa mai ruwan ƙasa, yana tafe yana ɗingisa ƙafar hagu, muryarsa na fita tare da iska. Baffa ya kalli minti biyar, ya juya fuska bango ya ce a ba shi ruwa. Sauran huɗun ni na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ina tsallakawa gaba ina duba ƙarshe. Duk suna yi.

"To goge na cikin injin."

"Baffa, a bar guda a nan. Zan ɓoye shi inda ba mai gani."

"Biyar ba su ishe ki ba? Wa ke da rumbu biyar ya kai hatsinsa ajiya gidan wani?"

Maigida ya sa baki, ya ce shi ma gaskiya hankalinsa zai fi kwanciya in abin ya bar shagonsa. Na kalli gidajen nan biyar a jere a allo, na ƙirga su, na ji sun yi mini yawa. Wannan shi ne laifina, in ana neman laifina. Ban tsaya na yi tunanin cewa rumbunan biyar duk a kan dutse ɗaya suke zaune ba. Na goge. Baffa ya ce ya ji ana cewa injin na da kwandon shara, a zubar da shi ma. Ban san wa ya koya masa wannan ba. Na zubar. Na cire faifan yadda ake cirewa, na jira fitilar ta mutu, na miƙa masa da hannu biyu. Ya sa a aljihun 'yar-shararsa ya hau babur.

Bayan kwana tara ya dawo da liman da wani dattijo, don a cewarsa abu irin wannan sai da shaidu. Muka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da haƙurin zaman gari, liman ya yi wa Baba addu'a. Na jona faifan. Fitila ta kama. Na jira gidaje biyar su fito. Ba su fito ba. Na shiga wurin nan na ranar farko, sai ga dogon baƙin layi daga wannan gefe zuwa wancan. Ba gidan Yaya, ba koren layi, ba komai. Akwatin nan mai haruffa uku-uku ya sake fitowa yana tambayata, kamar bai taɓa ganina ba.



"Mi yake cewa?" in ji liman.

"Cewa yake sabo ne, Malam. Wai in shirya shi."

"To ki amsa mashi mana, ɗiyata, tunda tambaya yake."

Na ɗauke hannuna daga kan maus ɗin kwamfutar na sa a cinya. Abin da na sani kaɗan ne, amma na san in na bi ta hanyar nan ta ranar farko, fomat ce a ƙarshenta. Na rufe akwatin. Na cire, na canja rami, na gaba da na baya duka. Na hura igiyar. Maigida ya ce a kashe a kunna, wannan karon ban ko yi masa musu ba. Sau shida ina jonawa, sau shida baƙin layin nan na kallona.

"Baffa, ya faɗi ne? Ko ya jiƙe?"

"Ni za ki tambaya? A cikin akwatina yake, cikin hular yayana na naɗe shi. Ke dai faɗi abin da kika taɓa."

Akwai wata mata a bakin ƙofa da ta kawo memori a sa mata wa'azi. Kafin la'asar labari ya riga ni isa gida.

Kwana biyu ina roƙon Baffa kafin ya yarda muka je wurin wani mai gyaran waya a tasha, magidanci ne mai laftof, kowa na yabon hannunsa. Ya jona, ya ga abin da na gani. Ya ce zai iya zama igiya, zai iya zama ramin kwamfutarmu ba ya ba da isasshiyar wuta, zai iya zama faifan ne tun asali mai ciwo, shi ba zai rantse ba. Ya ce mai yiwuwa bidiyon na nan a ciki, abin da ke nuna inda kowane gida ya fara da inda ya ƙare ne ya lalace. Akwai manhajar da ke tono irin wannan, amma ba shi da ita, kuma ba sabis balle ya sauko da ita. Sai dai Katsina, a bar wa masu aikin kwana biyu ko uku.

Na ce to wanda na goge a kwamfutar shago fa?

"An zuba wani abu a kanta tun lokacin?"

Kwana biyu da gogewar, Maigida ya karɓo sababbin fina-finai, ni da hannuna na cika kwamfutar da su har ta yi ja.

"Allah ya ba da haƙuri," in ji mai gyara. Ya juya ga Baffa. "Alhaji, kada dai a bari kowa ya yi masa fomat. A kai shi Katsina."

"In bar shi wurin wa? Ya tono, ya kalla, ya kwafa?"

"Ai dole ya buɗe ya ga ko ya fito."

Baffa ya miƙa hannu ya karɓi abinsa. A hanya na yi masa magana yadda ban taɓa yi wa babba ba. Na ce Baffa, tsoron kada a gani ya sa muka goge, yanzu tsoron kada a gani zai sa mu rasa gaba ɗaya, to wa muke ɓoye wa, mu kanmu? Na ce mutumin Katsina ina ruwansa da wata gona a bakin dajin Ruma? Ya tsaya ya dube ni. Ya ce gona in ta ɓata ana iya samun wata, ya binne yayansa, ba zai sayar da ɗan yayansa da hannunsa ba. Ya ce in sabis ya dawo a kira Yaya, abin da ya ce shi za a yi. Yaushe sabis zai dawo? Ya ce in tambayi gwamnati.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Tana tankaɗe na gama yi mata bayani, ba ta ɗago ba ta ce, "Har muryar tasa?" Na ce tana iya yiwuwa tana nan ciki. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta.

Faifan na akwatin Baffa, makullin na wuyansa. Kullum na je shago sai na buɗe wurin da bidiyon yake a da, ban san me nake nema ba. Wata ta zo ta ce in tura mata fim amma don Allah in yi a hankali, kada in yi mata irin ta gonar. Na tura mata, ban ce komai ba, ni da ba a taɓa faɗa mini magana na haɗiye ba.

Ran nan da wutar ta ɗauke, na ɗauko littafin rubutu na ce bari in ga abin da ya rage a kaina. Sau ɗaya na taɓa kallon bidiyon daga farko har ƙarshe, kuma Baba nake kallo, ba itace ba. Gonar farko ta zo mini: ɗorawa, aduwa, gamba, suri, jan dutse, kwarin da ruwa ke bi. Ta biyu na samu rabi. Ta ukun, babbar, wadda ta fi kusa da daji, na tuna Baba ya tsaya ya ɗaga sanda yamma ya ce daga nan kuma na wane ne, tare muka dasa gambar. Kafin wurin da bayansa duk sun tsere mini. Na tambayi Inna wane ne wanen. Ta ce tsohon nan ne mai gajeren gemu da ke kawo mana rogo, ai yana Safana wurin 'yarsa tun da suka taso, an ce idonsa ya tafi amma hankalinsa garau.

Ban nemi shawarar kowa ba. Na gaya wa Maigida jibi ba zan zo ba. Zan shiga a-kori-kurar farko da ke fita da safe zuwa Safana, da littafina da biro biyu. Zan zauna gaban tsohon in karanta masa abin da na tuna, ya gyara mini, ya cika inda na tsaya, tun yana da bakin faɗa. In na dawo zan kwafe shi da hannuna a littafi uku, ɗaya wurin Inna, ɗaya in aika wa Yaya, ɗaya in ba liman. Baffa kuma yau bayan la'asar zan je in faɗa masa a gabansa cewa zan tafi.